Kalkulas Ba Ya Jin Rubutun Sha

A Gangara ɗalibin jami'a ba ya rasa mai ba shi shawara. Bari ya dawo hutu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aikin gida na kalkulas, tun bai sauke jaka ba majalisa ta karɓe zancen. Kawu, wanda rabonsa da aji tun zamanin Shagari, zai gyara zama ya ce, "Yaro, lissahi ba a yi mai gaggawa. Tashi da asuba ka sha kunu tukuna." Inna ta ce a karɓo masa rubutu ya sha. Mai cajin waya ya ce duk wahalar banza ce, akwai manhajar da za ka nuna wa hoton tambaya ta amayo amsa. Babu mai cewa a kawo takardar a gani.

Shi ma gogan ba baya ba. Zai sayi sabon littafi da biro kala uku, ya zana jadawalin karatu mai kyau kamar katin ɗaurin aure, ya ɗauki hotonsa ya sa a WhatsApp. Daga nan ya gaji, sai barci. Ka tambaye shi ina aka kwana, ya ce babu sabis. Gaskiya ne a 2021 an rufe layukan waya a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato saboda matsalar tsaro, kuma jama'a sun ji jiki. Amma layi ya dawo, uzurin ya ƙi tafiya. Shi Leibniz da ya ƙirƙiro alamar nan mai kama da doguwar S a 1675, wane layi ya hau? Ibn al-Haytham ma, kusan shekara dubu da suka wuce, ya yi lissafin tarawa ya gano cikin mazubi mai lanƙwasa, ko kalkuleta bai taɓa gani ba.

Abin haushin, manomi ya riga ya san rabin karatun. Gona ce a bakin gulbi, ruwa ya cinye gefenta ya bar ta a karkace, ana son sanin faɗinta. Sai a tsaga ta kunya-kunya, a auna kowace, a tara. Gwargwadon sirantakar kunyoyin, gwargwadon kusantar amsa da gaskiya. Wannan tarawar ce ake kira intagireshan, har ake tsorata yaranmu da ita.

Tun da kowa ya ba da tasa, ga tawa. Fara da mai sauƙi: x² yana komawa x³/3, sannan ka liƙa masa C. Idan tambaya ta cukurkuɗe, duba ko akwai yankin da za ka musanya da harafi guda kafin ka ɗauko dabarar rabawa gida biyu. Ka gama, ka warware amsarka ta koma baya; idan ba ta maido ka kan tambayar ba, ka ɓata a hanya. Wannan duba kyauta ne, shi ya sa ba mai yin sa.

Na san dai yadda za ta kaya. Daren ƙarshe zauren aji zai cika da "Don Allah wa ya yi asamen?" Wata baiwar Allah guda ce ta yi, kuma ta manta da C. Kafin asuba aji gaba ɗaya ya manta da C, cikin haɗin kan da ko 'yan siyasa ba su taɓa samu ba. Wani mai himma zai kwafe har lambar rajistarta, wani ya haɗa da inda biro ya zubar mata da tawada. Malam zai zauna da takardu tuli guda, kuskure ɗaya, ya duba ta sama ya ba da maki, ya ce sauran su raba a tsakaninsu.