Dabulyu Ba Ya Dafa Wake

Ni mutum ne mai haƙuri, amma akwai wata takarda da ba ma ga maciji da juna. Ita ce doguwar takardar nan mai launi-launi da ake mannawa a bangon ajin nazare, wadda yara ke tsayawa gabanta kowace safiya suna rera "e fo aful, bi fo bol, si fo kat" har jijiyar wuya ta fito. Iyaye na giftawa ta bakin taga suna murmushi, wai kuɗin makaranta ya fara halalta. Ni kuwa tausayi ke kama ni. Ƙarata a kanta guda ɗaya ce: tana cusa wa ɗan Bahaushe sunan harafi na Turanci kafin a nuna masa sautin da harafin ke yi a harshen da ya sha a nono, sannan in ya kasa karatu a ce kansa ne ba ya ja. An bar jaki ana dukan taiki.

A gwada a gani. Samo yaro ɗan shekara 5 da ya haddace takardar tsaf, ka rubuta masa wake a allo. Zai ɗora yatsa a harafin farko ya ce dabulyu, na biyu e, na uku ke, na huɗu i. Ka ce, "To haɗa mana." Dabulyu-e-ke-i. Abin da ya ci da shinkafa jiya da rana ke nan, amma ya fito daga bakinsa kamar sunan maganin asibiti. Kuma fa yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da aka biya masa ya mayar. Wasula ma sun yi musanyar suna: A ana kiransa e, E ana kiransa i, shi kuma I ya zama ai. G sunansa ji, don haka gida ya koma jida. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne C. Sunansa si, a ƙarƙashinsa an zana kyanwa ana furta shi da k, in an shiga darasin Hausa kuma a ce ai shi ne farkon cokali da ciki. Hotunan ma ba su tsira ba. Amfanin hoto shi ne yaro ya ga abin da ya san sunansa, ya ji sautin farkon sunan a bakinsa. To ɗanmu ya ga tuffa, kuma tuffa da t ta fara. Ya ga mage, mage da m ta fara. A wasu takardun har ɗakin ƙanƙara na mutanen ƙuryar arewacin duniya ake zanawa a gaban I, don amfanin yaron da ke tsiyayar gumi a Kano cikin watan Afrilu.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Rubutun bokon Hausa, tun daga ƙa'idojin da Hans Bisha, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa gyaran da aka yi a Zariya zamanin Dokta Is a shekarun 1930, an gina shi ne a kan kusan kowane harafi da sautinsa guda. Wanda ya san b ya san wasula biyar, ya mallaki ba, be, bi, bo, bu, kuma Baba ba zai gagare shi ba. Da irin wannan haɗin baƙi da wasali 'yan ajin Yaƙi da Jahilci, magidanta masu furfura, suka kai ga karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta masu koyon karatu a harsunan Turai 13, suka tarar yaran da rubutunsu ke bin furuci, irin na Finlan da Italiya, suna kama karatu cikin shekarar farko, na Turanci kuma suna jan ƙafa a baya. Su kansu mutanen Ingila sun koma koyar da sauti, har tun 2012 suke yi wa 'yan shekara 6 gwaji a kansa.

Na san abin da za a ce mini: Malam, jarrabawar WAEC da JAMB ai ba da Hausa ake yi ba, kana so 'ya'yanmu su zama 'yan kallo? Ba na so, kuma ban ce a kori Turanci ba. Rigimata a kan wa zai fara shiga ne. Gane cewa zane a takarda yana wakiltar sauti, kuma sautuka na haɗuwa su ba da kalma, sau ɗaya yaro ke yinsa a rayuwa, ya fi saurin yinsa kuma da kalmomin da ya san ma'anarsu. An gwada wannan a Ife daga 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma harshen gida ta ce a fara da shi. Takardar bango ce dai ba ta samu labari ba.

Wani zai kawo mini makarantar allo, ya ce ai can ma da suna ake farawa, mim jaye, ha kuri. Haka ne, sai dai alaramma ya fi takardar wayo. Sunayen nasa suna siffanta wa yaro yadda harafin yake a allo, galibinsu da sautin harafin suka fara, kuma daga babbaƙu kai tsaye farfaru ake shiga a sa wa kowane baƙi wasali. Akwai kuma mai cewa bokon Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, gari na tuwo da gari na sarki duk rubutu ɗaya. Wannan gaskiya ce. Amma yaron da aka aika sayo gari bai taɓa dawowa da Katsina a kwano ba, jimla ke raba masa gardama.

Saura ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda takardar ba ta san da zamansu a duniya ba, alhali ta ba Q da X kujerar gaba, su da Hausa ba ta aiki da su. Sakamakon shi ne manya masu digiri da ke rubuta wa mutane cewa kura ta tashi a kasuwa, jama'a su rasa ko gudu za su yi ko toshe hanci. Saboda haka, mai karatu, ranar da ka je biyan kuɗin zango, kafin ka miƙa kuɗin ka tambayi hedimasta a wane aji ake koya wa ɗanka ƙ. In ya fara sosa ƙeya, ka nemi ragi.