Ku da Shanunku, Mu da Jar Tsohuwarmu

Tun ranar da na yabi taraktar kawuna wasu daga cikinku suka sa ni a gaba. Wai tarakta kayan gwamnati ce da 'yan kwangila, manomin kirki shanun huɗa ya sani. Wani ma cewa ya yi amarya ce, ranar biki kawai take da kyau. To, malam mai shanu, gyara zama.

Wadda nake magana a kanta Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1964, mai injin Perkins silinda uku. Kawu bai saye ta sabuwa ba, kuma ta girmi amaryarsa nesa ba kusa ba. Jan fentinta ya koɗe, kujerarta buhun taki ne aka ninka huɗu, fitilarta ɗaya ta mutu tun zamanin mulkin soja. Batir kuwa an daɗe da yafe shi, shi ya sa kullum a kan gangare take kwana. Da asuba yara biyar su tura, ta yi tari biyu, ta feso baƙin hayaƙi, ta kama. Ku yi dariyarku. Shekara talatin ke nan tana yi masa haro da huɗa, tana jan tirelar taki, ranar kasuwa kuma ta kwashe buhunan rabin ƙauye.

Gonarsa a yankin Kadawa take, inda ruwan dam ɗin Tiga ya sa ƙasa ba ta san hutu ba. Ana yanke shinkafar damina alkama na jira, ita kuma sai da sanyin hunturu, in ka makara ka shuka wa zafi. 'Yan makonni ne tsakani. Filin da bijimanka za su kwana huɗu a kai, kana bin su da tsumagiya kana lallashi, tsohuwar nan kafin azahar ta gama, ta tsallaka gonar maƙwabci ta samo kuɗin man gas.

Na san abin da ke bakinka: in ta lalace fa? Ta lalace mana! Wata shekara, ana ruwan shuka, famfon manta ya ce ga garinku nan. Kawu ya yi sawu uku zuwa Ƙofar Ruwa a Kano kafin a dace da nata. Kwana tara tana tsaye kaji na kwana a ƙarƙashinta. Maƙwabcinsa mai shanu kullum sai ya biyo ta ƙofar gidan da garma a kafaɗa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, ya mai jiki?" A ƙarshe shanun nasa aka yi haya. Wannan kam kun ci, ban da ta cewa. Na kuma yarda sa yana ba da taki, yana ƙara kuɗi in ya yi ƙiba, in ya tsufa mahauta na jiransa. Ba a taɓa yin kilishin tarakta ba.

Amma ka tambayi manoman Zamfara da Katsina da aka kore wa shanun noma cikin dare ɗaya, su gaya maka yadda damina ke wuce mutum yana kallo. Ɓarawon da zai saci ta Kawu sai ya zo da abokai huɗu masu tura masa, kuma ƙararta za ta tashi har mai unguwa.

Inda kuka fi ba ni dariya shi ne in kun nuna min gawarwakin taraktoci a bayan sakatariyar ƙaramar hukuma, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu, kuna cewa ga hujja. Ai waɗannan marayu ne. Ƙasar nan har haɗa tarakta ta yi, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. An jera sababbi an yanka ƙyalle an tafa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Abin da ba a sayo tare da su ba shi ne mutumin da zai ji ciwonsu. Kawu daga cikin masallaci yake gane yaron da ke tuƙa ta ya taka ta da yawa. Baƙin mai ba ya wuce ranarsa, kuma bakanikensa yana samun buhun shinkafa duk kaka, ko an yi gyara ko ba a yi ba.

Af, na kusa mantawa. Na leƙa littafin da Kawu ke rubuta masu jiran haro na bana, sai ga sunan mai maganar amarya a lamba ta bakwai, har da kafin alƙalami. Malam, ka daina zuwa bayan isha'i kana rufe fuska da rawani. Ka zo da rana, kuma ka zo da ƙarfinka, da kai za a tura.