Kwanan Daji da Gangan

"Kuɗin haya ne ya gagare ka?"

Abin da Hajiyata ta fara tambaya ke nan da na je sanar da ita cewa a hutun Disamba zan kwashi iyali mu je Yankari mu kwana a tanti. Na ce shaƙatawa ce, haka ake yi yanzu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ita a saninta mutum uku ne ke kwana a daji: maharbi, makiyayi, sai wanda gari ya kora. Wanne ne ni a ciki?

Ban karaya ba, don na yi karatun wurin sosai. Da daddare na tara yara na yi musu lacca: an keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, yana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. Na ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Baffa ya ce akwai talabijin? Ummi ta ce zaki yana cin wanda ya yi addu'a? Auta, ɗan shekara biyu, ya yaga taswirar.

Tantin a wurin wani ɗan gwanjo na samo shi, ya rantse mini mutum shida yake ci. Wataƙila a tsaye yake nufi. Na ce sai mun yi gwaji a tsakar gida kafin tafiya, sai dai tsakar gidanmu siminti ne, turke ba ya shiga. Na ɗaure kusurwa ɗaya a jikin duro, ɗaya a turmi, ɗaya a ƙarfen taga, ta huɗun na ba Baffa ya riƙe. A unguwarmu kuwa ba a kafa rumfa haka kawai. Kafin la'asar maƙwabcina ya yi sallama, fuska a sanyaye, yana tambayar wa aka rasa. Matarsa ta fi shi kyautata zato, ta aiko yarinya da kwano wai a sa mata abincin suna.

Jerin kayan da na rubuta gajere ne: tanti, tocila, tabarma, buta. Maman Ummi ta karanta, ta ninke takardar, ba ta ce uffan ba. Ranar tafiya na fito na tarar da kurfoti, gawayi, tukwane, kuloli, barguna, gidan sauro, fo, famfas, maganin zazzaɓi, man shafawa saboda hunturu, da ƙaramin turmi.

"Maman Ummi, turmi kuma?"

"Abban Ummi, kai ka ce daji za mu. Injin markaɗe ne a can?"

But ɗin mota ya ƙi rufuwa, na ɗaure shi da igiyar tanti. Mai shagon bakin layi ya ɗaga mana hannu yana cewa Allah ya sanya alheri a sabon gida.

"Abba, mun kusa?" ta fara tun kafin gadar Wudil, ba ta kuma huta ba har Ningi, har Bauchi, har muka bar titin Gombe a Dindima. Da muka isa ƙofar Mainamaji na juya na ce, "To, ga mu mun zo!" Yara suka yi ta tafi. Ma'aikacin ƙofa ya leƙo cikin ladabi ya ce saura kilomita 42 a kai sansanin Wikki. Ban sake juyawa baya ba.

A sansanin aka ja mana kunne: kada a bar abinci a fili, kada a bar ƙofa a buɗe. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya sani. Ni na yi tanadin zaki, na yi tanadin giwa, har yadda za a jera yara a gudu na tsara. Gwaggon biri bai shigo lissafina ba, alhali su ne masu garin. Yawo suke tsakanin ɗakuna, su da gadu da ke durƙusawa a kan gwiwa yana kiwo, babu mai ce musu kanzil. Ina fama da sandunan tanti wani ƙato ya tako a hankali kamar mai karɓar haraji a kasuwa, ya buɗe kula da hannunsa, ya tura burodi gefe, ya ɗauki dambun naman da Maman Ummi ta kwana tana yi. Ya haye kan motata ya zauna yana ci yana kallona. Na daka masa tsawa. Ya yi hamma, na ga tsawon haƙoransa, sai na tuna ai dama dambun gishiri ya yi masa yawa.

Ruwan Wikki ne ya wanke mini fuska. Daga ƙarƙashin wani dutse yake fitowa, garau, kana hango yashin ƙasa, kuma ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Yaran da kullum sai an yi kokawa da su kafin wankan safe, ranar sai da aka yi kokawa kafin su fito. Giwa kuwa, mun bi mota har wajen kogin Gaji inda namun daji ke taruwa in rani ya yi nisa, muka samu kashinta sabo. Jagora ya ce da safe ta wuce. Baffa ya ce wannan ma ya ishe shi, bai taɓa ganin mai girma haka ba.

Bayan isha'i hunturu ya sauko da gaske. Mun cusu a tanti, ƙafar wani a bakin wani, Auta ya gano yadda ake zuge zif. Can cikin duhu wani abu ya yi kuka. Ummi ta ce mene ne, na ce tsuntsu ne, muryata ta ƙi ba ni goyon baya. Nan Maman Ummi ta zura hannu a jaka ta zaro makulli. Ashe tun muna Kano ta kama ɗaki da kuɗin adashinta. Suka yi layi suka tafi da barguna duka. Na ce ni dai tanti na zo kwana, kuma a tanti na kwana, in ana kiran wannan kwana.

Abin da ya faru da asuba na so ya tsaya tsakanina da Mahaliccina. Amma da aka koma makaranta malamar su Ummi ta sa su rubuta yadda suka yi hutu, ta kuma ga ya dace a karanta nata a gaban taron iyaye. Ina zaune a layi na biyu. "Mun je daji. Biri ya ɗauke hular Abbana. Abbana ya bi shi yana cewa don Allah, Malam."