Yatsan da Ba Ya Ganin Ruwa

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce wani yatsa ya cuce ni, ga shi har yau Laraba ban huce ba. Yatsa ɗaya tak, na hannun dama, farce a yanke tsaf, mallakin wani dattijon Bature da aka haɗa mu rukuni ɗaya a 'yar gasar golf ɗin faifai da ake yi a wani lambun gwamnati a nan garinmu cikin jihar Ohayo. E, wasan nan dai da na sha addabar ku da labarinsa, wanda uwargida ke kira jifan murfin kwano.

Mu huɗu ne, mun iso kwando na 11. Dattijo ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya wurga. Faifai bai yi taku goma ba ya rungumi bishiyar farko, ƙwas! Jifa na biyu ya shige sarƙaƙiya. Na uku ya fito da kyau, ya yi ta lulawa abin sha'awa, har sai da ya sauka tsakiyar kududdufi agwagi suka watse. Wanda ya faɗa ruwa an ɗora masa jifa ɗaya na tara, huɗu ke nan. Na biyar ya faɗi gindin kwando. Na shida ya daki bakin ƙarfe ya gangara. A na bakwai ne muka ji ƙarar sarƙar kwando, faifai ya shiga. Ko agwagin nan aka rantsar, bakwai za su ce.

Aka zo faɗin maki, aka kira sunansa. Sai ya juya ya fuskanci inda muka fito, ya kanne ido ɗaya, ya ɗaga yatsan.

Kun san yatsan nan. Kun gan shi a teburin mai shayi ranar biyan bashi, lokacin da ake ƙirga kofunan wata guda. Kun gan shi a majalisar 'yan karta bayan isha'i. To, shi ne ya samu biza ya riga ni zuwa Amurka. Ya nuna bishiya, ɗaya. Ya nuna sarƙaƙiya, biyu. Da ya doshi kududdufi sai ya yi sama kamar jirgin da aka hana sauka a Kano saboda hazo, ya yi shawagi, ya ɗan taɓa bakin ruwa ya ce uku, ya wuce bai ko gaida tara ba. Ya sauka gindin kwando, huɗu. Ya tsallake bakin ƙarfen da duk muka ji ƙararsa, ya faɗa ciki.

"Biyar," in ji dattijo, da muryar wanda ya ba da sadaka bai son a sani.

Shekara uku ina wannan wasa, na ga yatsu iri-iri, fari da baƙi, mai zobe da marar zobe, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙirga ya samu fiye da abin da aka jefa ba. Da mantuwa ce, ai wata rana sai ta yi kuskure ta ƙara. Wannan mantuwa tana da tarbiyya, hanya ɗaya take bi, gangare. Ni a ganina ɓarnar baiwa ake yi da aka bar yatsan nan a lambu yana fama da agwagi. A kai shi ma'aikatar kuɗi a nuna masa bashin da ake bin ƙasa, ya kanne ido ya kewaya sau biyu, kafin la'asar mu ne ke bin Bankin Duniya canji. A kai shi gidan surukai ranar yanka sadaki. A ba shi aron yini ɗaya ga mai kiɓar da likita ya ce ya riƙa ƙirga lomarsa. Ina ma zargin ƙanensa ne ke ƙirga shekarun wasu ma'aikata idan ritaya ta matso, yayansa kuma shi ke cike takardun 'yan ƙwallon da ke shekara 17 tun ina makarantar firamare.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a zuri'ar. Akwai wanda in an kira sunansa sai ya ce "daidai". Daidai da me, bawan Allah? Doka ta ce lamba za ka faɗa, a fili, kowa ya ji. Shi kuwa ya fi son ya ce ya yi daidai da ƙa'idar kwandon, ya bar ka da wahalar tuna ko ƙa'idar uku ce ko huɗu. Akwai kuma mai toshe kunne, wanda tun a kwando na farko zai roƙe ku kada wanda ya gaya masa jimillarsa, wai in ya sani hannunsa rawa yake. Madalla, mun kiyaye. Amma duk bayan kwando biyu sai ka ji numfashinsa a wuyanka yana leƙen wayarka da kake rubuta maki a ciki, yana son ya san naka. Nasa sirri ne, naka kuwa labaran ƙarfe bakwai.

Hukumar wasan, PDGA, ta san halin 'ya'yanta. Shi ya sa tun 2024 ta ce kowane ɗan wasa sai ya rubuta makin kowa a rukuninsa, wanda kuma ya miƙa jimillar da ba daidai ba a ƙara masa jifa biyu. Dabara ce mai kyau a takarda. A kwando na 11 kuwa abin da ta haifar shi ne waya huɗu a hannu huɗu, ana shirin danna ƙarya ɗaya sau huɗu.

Na yi gyaran murya na ce, "Yallaɓai, a gafarce ni, kamar dai bakwai na gani."

Wurin ya yi tsit, har iska ta tsaya. Na dubi sauran biyun. Ɗaya ya ce shi lokacin yana cikin ciyawa yana neman nasa faifan, minti uku kawai doka ta ba shi, bai ga komai ba. Ɗayan, wani ɗalibi, ya ce shi ya ji ƙarar ruwa amma ya ɗauka kifi ne. Dattijo ya sake ɗaga yatsan, ya sake bin hanyar da ya bi ɗazu, tasha-tasha, ya sake isowa biyar. Ya dube ni da tausayi. In an rasa rinjaye kuwa, hukunci wajen mai jifa yake karkata. Aka danna biyar.

Ba jifa biyun ne suka fi ƙona mini rai ba, kallon da aka bi ni da shi ne har ƙarshen wasa. Wannan wasa ne da ba ka isa ka yi tari ba in wani zai yi jifa. Ba ka motsi, ba ka buɗe ledar gyaɗa, inuwarka ma sai ka janye ta. In ka kuskura ka ce "ya yi kyau" faifai yana sama, ya je ya daki bishiya, to bakinka ne, har gida za a kai ƙararka. Duk na haddace wannan ladabi na bi. Amma ranar da na faɗi abin da idona ya gani, ni ne marar ladabi, ni ne baƙon da bai fahimci ruhin wasa ba. Wasan da babu alƙali mai usur, kowa amanar ɗan'uwansa yake riƙe da ita, in aka mayar da kunya ta zama mafakar mai cin amana, me ya rage? Ladabin da ya hana ka atishawa amma ya ƙyale ka haɗiye jifa biyu, sunansa wayo. Kuma duk a kan me? Paul McBeth da kamfanin Discraft ya ba kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 a 2021, shi ma in an kira sunansa lamba yake faɗa. Mu kuwa abin da muke kokawa a kai takardar kanti ce ta dala 25, wadda ba ta sayen komai sai wani faifan da zai ƙare a kududdufin nan.

A hanyar gida na yi ta tunanin Ed Headrick, mutumin da ya kafa filin farko na dindindin a Oak Grove ta Kalifoniya a 1975, ya kafa PDGA a 1976. A da sanda ake jifa, kullum ana musu, ya taɓa, bai taɓa ba. Shi ne ya ƙirƙiro kwandon sarƙa don faifai ya faɗa ciki kowa ya gani, musu ya ƙare. Bawan Allah ya toshe ƙofa, bai san ta taga yatsa zai shigo ba. Da ya mutu a 2002, aka cika masa wasiyyarsa, aka ƙona gawarsa aka cuɗa tokar cikin robar wasu fayafai, aka raba wa dangi da abokai, aka sayar da wasu don a kafa gidan tarihi da sunansa.

Kuskuren da na yi shi ne ba uwargida wannan labari muna cin tuwo. Ta ajiye lomar da ta ɗauko ta yi salati.

"Tsaya, Malam. Wato mutum ake jifa da shi?"

Na ce fayafai kaɗan ne, kuma ni ba ni da ko ɗaya. Ta ce ta yaya na sani, na bincika? Tun daren nan jakar wasana ta koma gareji. Jiya na same ta ta ɗaga jan faifaina tana haska shi da fitilar waya, wai ta ga wasu ɗige-ɗige a ciki. Ta hana yara taɓa shi. Ta kuma kawo tambayoyin da har yanzu ban samu amsarsu ba. In irin wannan faifan ya faɗa kududdufi, tara za a ci mai jifa ko ta'aziyya za a yi masa? In ya ɓace a ciyawa, shi ma minti uku za a nema a haƙura, a bar mai wasan kwance a daji? In kare ya ɗauke shi fa, wa za a gaya wa? Yanzu haka maganar da ake a gidana ke nan, har ƙanwarta da ke Zariya an kira an sanar da ita cewa mijin yaya ya shiga wasan masu jifa da gawa.

Ina muka tsaya? Yatsa. Dattijo ya zo na uku, na zo na huɗu, jifa ɗaya tsakaninmu. Ya karɓi takardar kantinsa, ya zo ya dunƙule hannu muka gaisa irin tasu, ya ce wasa ya yi kyau. A dunƙulen ma ina ganin yatsan yana leƙo ni.

Asabar mai zuwa akwai wata gasar. Na so in tafi da carbi, sai na ga bai dace in sa carbi cikin wannan shirme ba. Na samo gwangwanin madara da tsakuwa goma sha biyu. Duk jifan da ya yi, sai faifai ya sauka tukuna, kada a ce na yi rashin ladabi, sannan in saki tsakuwa ɗaya, ƙwal! In ya faɗa ruwa, biyu. Kafin nan, tunda waya huɗu sun ƙi rubutawa, ni ga shi na rubuta a jarida: a kwando na 11, bakwai ya jefa.