Sunan da Aka Danne da Fenti

A birnin La Haye na ƙasar Holan akwai gidan ajiye zane-zane da ake kira Mauritshuis. A shekarar 1876 gidan ya sami wani tsohon zanen fentin mai da aka sayo a gwanjo a Faris. Zanen na nuna Diyana, uwargijiyar farauta a almarar Rumawa, zaune bisa dutse tare da kuyanginta huɗu, ɗaya ta durƙusa tana wanke mata ƙafa, ga kare a gefe. Sunan da ke ƙasan zanen na Nicolaes Maes ne, almajirin Rembrandt, wanda kayansa ke da tsada a kasuwar wancan zamani.

Da masana suka ƙura ido, sai suka ga sunan ba ya zaune daidai. Ashe wani mai wayo ne ya tarar da sunan mai aikin ya soma dushewa, ya bi ragowar haruffan da buroshi ya juya su zuwa sunan da zai kawo kuɗi. Mai aikin na gaskiya Johannes Vermeer ne, mutumin Delft, wanda ya rasu a 1675 da bashi har wuya. Matarsa sai da ta miƙa wa mai gidan burodi zane biyu saboda bashin abin da iyali suka ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1901 aka tabbatar wa Vermeer aikinsa, kuma yau sunansa ya fi na Maes nauyi nesa ba kusa ba.

Sauran asirin ya tonu wajen gyaran da aka yi tsakanin 1999 da 2000. A kusurwar sama akwai shuɗin sararin samaniya da mutane suka daɗe suna yabo. Da aka auna fentin, sai aka ga irin shuɗin nan ba a ƙirƙiro shi ba sai bayan rasuwar Vermeer. Wani ne daga baya ya ga duhun bayan zanen bai yi masa ba, ya ƙara nasa ado. Masu gyara suka rufe shuɗin da duhu kamar yadda mai shi ya bari. An kuma gano cewa an datse gefen dama na ƙyallen, kuma wannan ba shi da magani.

Ni dai labarin Holan nake bayarwa, kada a ce na ce. Mu nan Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, mun san yadda ake haƙa rijiya da gayya, mun san ajin lakkol da iyaye suka ɗora da karo-karo, da simintin da 'yan ci-rani suka aiko daga Legas da Kwatano. Mun kuma san yadda bokitin fenti da sabon allo kan iso ana saura mako a yi bikin buɗewa. Masu zanen Holan sai da na'ura aka binciko su. A nan kuwa shaidun suna raye, kantar igiya na tafin hannunsu, kuma tun daga Kasuwar Juma'a har zauren maigari babu wanda bai san wanda ya kwaɓa ƙasa ba.

Mai allo ya sha kuruminsa, ban ambaci kowa ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa ma ya sani.