Kusa da Fili, Nesa da Ƙwallo

Landan, Agusta 2025

Zuwa ga taubashina, abokin wasana na Safana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, da fatan damina ta yi albarka, Allah kuma ya kawo mana ƙarshen fitinar da ta addabi ƙasarmu tun daga Ruma har Runka, ina sanar da kai cewa saƙon muryarka ya iso, na saurare shi tun daga sallama har zuwa inda tari ya sarƙe ka, na kuma fahimci bukatunka biyu ne: in shiga filin Arsenal in ɗauki hoto, domin ka nuna wa 'yan majalisarku cewa kana da ɗan'uwa a inda ake yin abin, sa'an nan in aiko maka da rigar ƙungiyar ta bana, ta ainihi, ba irin wadda ake ratayewa a kasuwar Dutsin-Ma ba. Amma ba'adu, sai ka gyara zama, gama amsar tana da tsawo, kuma ba mai daɗi ba ce.

Ku mutanen Safana, Allah ya ƙara muku basira, kun ɗauka wanda duk ya sauka Landan, da ya idar da sallar Azahar ran Asabar, sai ya saɓa babbar riga ya taka zuwa fili, mai tsaron ƙofa ya ce masa maraba da baƙon Batsari. To, ka sani tikitin shekara mafi araha a wannan ƙungiya taka ya haura fam 1,000, fam ɗaya kuwa a Agustan 2025 ya kai naira 2,000, sai ka buga lissafin da kanka in har abin da aka koya mana a firamare bai zube maka ba. Ko mutum ya zo da kuɗin a hannu ba a miƙa masa, sai ya shiga layin jira na shekaru. Wanda ke son wasa ɗaya tak, shi kuma sai ya fara sayen katin zama ɗan ƙungiya, katin nan kuwa ba ya shigar da kowa ko'ina, iyakacin amfaninsa a sa sunanka cikin ƙuri'a, in ta faɗo kanka a yi maka alfarmar karɓar kuɗinka. Da malaminmu na zaure, Allah ya jiƙansa, ya ji wannan ciniki, na tabbata da bai tsaya buɗe babin saye da sayarwa ba zai ce akwai garari a ciki. Akwai 'yan baranda, ba shakka, ko da yake dokar ƙasar ta haramta sana'arsu tun 1994, amma farashinsu ba na mai aikin dare ba ne irina. Rigar da ka ambata kuwa ta wuce fam 80, saboda haka ta Dutsin-Ma ta ishe ka, ja dai ja ne.

Kada ka ce ƙungiyarka kaɗai na sa wa ido. A ƙarshen shekarar 2024, ana tsakiyar kakar wasa, Manchester United ta wayi gari ta mai da sauran tikitocinta fam 66, ta kuma soke rangwamen da aka saba yi wa yara da tsofaffi, ya zama jariri da mai furfura kuɗinsu ɗaya. Uba da 'ya'yansa biyu ke nan fam 198, alhali mafi ƙarancin ladan aiki a nan a 2025 fam 12.21 ne a awa, watau sai ya yi wahalar kwana biyu cur kafin ya sayi zaman minti 90 cikin sanyi. In aka juya tikiti ɗaya zuwa kuɗinmu ya kusa albashin wata biyu na ma'aikacin da ake biya naira 70,000. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ƙungiyar da ta tsauwala haka ta ƙare kakar a matsayi na 15, ashe mutane sun biya kuɗin nan ne domin su ga baƙin cikinsu ido da ido.

Ba haka abin ya faro ba. Wani dattijo maƙwabcina, ɗan fansho, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙin bas, shi ya warware mini tarihin, na kuma bincika na tarar bai ƙara gishiri ba. Ƙwallon ƙafa a ƙasar nan wasan talakawa ne tun asali: ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa ƙungiyar da ta zama Manchester United a 1878, ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa taka a 1886, kuma har zuwa 1961 ba a yarda a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako ba, saboda haka mai bugawa da mai kallo kusan tukunyarsu ɗaya. A tsaye ake kallo, kafaɗa da kafaɗa, da 'yan kuɗi kaɗan. Sai musibar Hillsborough ta auku ran 15 ga Afrilu 1989, inda turmutsitsi ya zama ajalin magoya bayan Liverpool 97, alƙali Taylor ya yi bincike ya ba da shawarar a sa wa kowa kujera, shawara ta gaskiya wadda ta tsare rayuka, ya kuma yi tsammanin za a iya yin haka ba tare da an kori mai ƙaramin ƙarfi ba. A lokacin nan fam 4 ya isa mutum ya tsaya a filin Liverpool. Da aka kafa gasar Firimiya a 1992, kuɗin talabijin ya kwararo, attajiran Amurka da na ƙasashen Larabawa suka shigo suka saye ƙungiyoyi, tsammanin alƙali ya bi ruwa. Yarjejeniyar talabijin da ta fara aiki bana, ta cikin gida kaɗai, fam biliyan 6.7 ce a shekara huɗu, don haka wanda duk ya ce maka yunwa ce ta sa su ƙara kuɗin ƙofa, ka ce masa ya ji tsoron Allah.

Dattijon nan, ba zan ambaci ƙungiyarsa ba domin kada a ce na kai ƙara, ya gaji kujerarsa daga mahaifinsa, ya bi su zamanin da suke cin kofi da zamanin da suke shan kashi, bana kuma ya ajiye, domin fanshonsa ba zai ɗauki tikiti da kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu gaba ɗaya ba. Da na tambaye shi wa zai zauna a wurin, sai ya ce baƙo, irin wanda yakan zo daga wata ƙasa sau ɗaya a rayuwarsa, ya biya abin da aka yanka masa ba gardama, ya sayi riga da hula da abinci, ya juya wa 'yan wasa baya ya ɗauki hoto ya aika gida. Na yi shiru, taubashi, domin saƙonka yana cikin aljihuna a lokacin. Ashe kai ne, daga gindin bishiyarku a Safana, kake tura ni in tayar da tsohon mutane daga kujerar ubansa.

Sirrin al'amarin kuwa a wurinka na gano shi. A kasuwar Batsari, in mai rogo ya tsauwala, sai ka matsa gaba ka taya na maƙwabcinsa, shi ya sa kowa ke jin kunyar wuce haddi. Mai goyon bayan ƙungiya ba shi da gaba da zai matsa. Kai tun da Nwankwo Kanu ya zo Arsenal a 1999 ka yi mubaya'a, har zuwa Agustan 2025 rabonku da kofin Firimiya tun 2004, yaran da aka raɗa wa suna a shekarar yanzu suna da nasu 'ya'yan, shekara uku a jere kuna ƙarewa na biyu, kowace shekara kana rantsuwa ka bar su, kowace Agusta kuma kana sake cewa bana tamu ce. Masu ƙungiyoyi sun san wannan ciwo sarai, sun san ba ya jin magani, shi ne suka sa masa farashi. A shari'a an hana ɓoye abinci domin a tsananta wa mabukata. Ban san hukuncin wanda ya ɓoye wa mutum abin da zuciyarsa ta kamu da shi ba, sai ka tambayar mana liman, amma ka bari sai ya ci abinci tukuna, kada ya fara da tambayarka inda kake lokacin La'asar ran Asabar.

Sai dai Turawan nan ba su zauna sun rungume hannu ba, kuma a nan na sara musu. Ran 6 ga Fabrairu 2016, da masu Liverpool suka ce za su kai wani tikiti fam 77, sai magoya baya wajen 10,000 suka bari agogo ya kai minti na 77 daidai, suka miƙe suka fice, ƙungiyarsu tana gaba da Sunderland da ci biyu ba ko ɗaya. Kafin a tashi Sunderland ta farke duka biyun. Ba a yi mako ba masu ƙungiyar suka nemi gafara suka janye ƙarin, a shekarar kuma aka ƙayyade cewa baƙin da suka bi ƙungiyarsu zuwa wani gari ba za a karɓi fiye da fam 30 a hannunsu ba, ƙa'idar da ke nan har yau. 'Yan kwanaki bayan ficewar Liverpool ɗin nan, mutanen Dortmund na Jamus suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili a Stuttgart saboda irin wannan kuka, su da ma dokarsu ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya, har yanzu kuma mutum kusan 25,000 ke tsayawa a gefe ɗaya na filinsu da kuɗi mai sauƙi. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa annobar korona ce ta kawo ta a 2020, sa'ad da aka buga wasa ba kowa a fili, abin ya yi lami har gidajen talabijin suka riƙa sa muryar 'yan kallo ta na'ura. Ihun nan da kuke ji ta akwati har tsigar jikinku ta tashi, na direban bas ne da ɗan dako, mai cin abinci a ɗakin gilashi ba ya ihu.

Yanzu ga abin da na jinkirta faɗa domin na san za ka yi mini dariya har Kirsimeti. A ƙasar nan akwai wata ƙa'ida tun shekarun 1960, cewa ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ran Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, wai domin kada mutane su ƙi zuwa kallon ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka cikin wasanni 380 na kaka akwai fiye da ɗari da ba wanda zai gan su a akwatinsa a nan ta hanyar halal, sauran kuma sai ka biya kamfani biyu. Kai kuwa da ke zaune a kan benci a gidan kallo, ƙarƙashin rufin kwano, janareta yana ruri a bayanka, DStv na kawo maka su, har mai gida yana kunna akwati uku a jere kana zaɓa. Ni da nake jin ihun fili ta tagar ɗakina in iska ta juyo, sai dai in bi sakamako a waya. Na ƙetare hamada da teku na zo garin ƙwallo, na tarar na baro ta a Safana.

Na ji ƙorafinka cewa mai gidan kallonku shi ma ya ƙara kuɗi. Ka yi masa adalci. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi tashin da har ta taɓa haura 1,000, kuɗin DStv ya hau, shi kuma ba shi da attajirin Amurka a bayansa, ga shi dole ya rufe da wuri saboda halin da ake ciki. Duk da haka ya san ubanka, ya san ranar da ba ka da shi, yakan ce shiga ka kawo gobe, yakan kuma kau da kai daga yaran da ke leƙe ta hujin zana. Ƙofar nan tamu ƙarfe ce mai karanta waya, ba ta san a yi haƙuri ba, ba ta san ɗan wane ba.

Da ni ne kai, in hanya ta yi lafiya, da na tara kuɗin mota na tafi Karkanda, filin Muhammadu Dikko, na ga Katsina United da idona, musamman ranar da Kano Pillars suka zo da surutunsu na Sai Masu Gida. Na sani kuɗin motar ya fi na ƙofa nesa ba kusa ba, na kuma sani za ka ce wasan bai kai na Turai ba. Amma a can in ka yi ihu ɗan wasa yana jinka, wataƙila ma ya san unguwarku, alhali Arsenal, in ka yarda da gaskiya, ba ta san an halicci Safana ba.

Kuɗin sharan da kake bina tun Muharram na sa a asusunka, na kuma biya da naira, domin al'adar kakanninmu ba ta san fam ba, kada ka zo mini da sabuwar fatawa. Ka gai da Gwaggo da kyau, ka ce mata maganin ƙafa yana tafe hannun wani mai zuwa Katsina, ita kuma ta taimake ni da daddawa da kuka, na nan ba su da ƙamshi. In ka shiga Batsari ka duba mini Baba, ka ce masa ina nan ina aiki, kada ka kuskura ka gaya masa na cika takarda a kan ƙwallo. Ran Asabar kuma ka sa kati a wayarka, ka zauna kusa da akwatin tsakiya, in an ci ka kira ni ka gaya mini wanda ya ci da yadda aka yi, amma ban da ƙarin gishirin nan naku na Safana.

Wassalam.

Ubangidanka ko ka ƙi ko ka so,
taubashinka na Batsari.