Masu Gida Mai Taya da Rigimar Ƙarfen Sitiyari

A Amurka akwai dattawan da idan suka yi ritaya sai su sayi mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, su kama hanya. Yawancin irin waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma manyansu kan kai ƙafa 45. A jihohi da dama, muddin nauyin bai wuce fam 26,000 ba, lasisin ƙaramar mota ya wadatar. To, ga mutum bai taɓa jan abin da ya fi motar kai yara makaranta ba, yau an damƙa masa gida sukutum. Tirela ta zo wucewa, iskarta ta ture shi, ta kuma janyo shi, motar ta riƙa fizge-fizge kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Daga nan ne ake fara yi masa tallar ƙarfen saita sitiyari: wani ɗan bututu mai sifirin da mai a ciki, da ake ɗaurawa a ƙasa don ya riƙa mayar da tayoyin gaba tsakiya. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne. Ko ya cancanci kuɗin? Je ka Quartzsite ta jihar Arizona a watan Janairu, inda dubbansu ke yada zango a hamada, ka yi wannan tambaya da ƙarfi, sannan ka nemi wurin zama.

Wanda zai fara isowa shi ne sabon shiga. Makon jiya aka ɗaura masa ƙarfen saiti samfurin Safe-T-Plus, kuma tun daga ranar bai bar kowa ya huta ba. Zai ce maka yanzu da yatsa biyu yake tuƙi, ciwon kafaɗarsa ya tafi, har matarsa ta daina yi masa faɗa. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, ranar da aka ɗaura ƙarfen, bakanike ya rage wa tayoyinsa iska kuma ya gyara masa saitin ƙafafun gaba. Wane ne a cikin ukun ya yi aikin? Kada ka tambaye shi. Ya biya kuɗi, dole ƙarfen ne.

Yana cikin bayani sai tsohon direban tirela ya yi tsaki. Wannan ya ci iskar Wyoming a kan babbar hanya mai lamba 80 tun kafin a haifi wasu, saboda haka a wurinsa ƙarfen saita sitiyari guda biyu ne, hannun dama da hannun hagu. Duk wanda ya sayi na uku, rago ne. Sai dai idan ka leƙa ƙarƙashin motarsa lokacin da ya shiga barci, kada ka yi mamakin abin da za ka gani.

Akwai kuma mai littafi. Shi ne mafi gundura a sansanin, kuma abin haushi, shi ne mai gaskiya. Ba ya amsa tambaya sai da tambaya. Ka auna motarka? Nawa ne nauyin gaba, nawa ne na baya? Zai tura ka sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci, ka dawo da takarda, ya buɗe jadawalin kamfanin taya ya nuna maka cewa iskar da ka dura ta yi yawa, shi ya sa motar ke yawo a kan kwalta. Zai zagaya baya ya nuna maka yadda jikin motar ya zarce tayoyin baya da nisa, kai kuma ka cika wurin da tankin ruwa da janareta da kekuna da kujeru, har gaba ya yi sakayau. Zai girgiza tayar gaba ya ji ko akwai abin da ya ci. Ƙarfen saiti, in ji shi, ba ya gyara abin da ya lalace, ɓoye shi kawai yake yi har ranar da zai tona kansa. Mutane kan tsere masa da uzurin sun bar tukunya a wuta.

Maƙwabcinsa ɗan araha ne. Motarsa a kan ƙashin Ford F-53 take, kamar yawancin manyan masu shan fetur, kuma ya gano cewa idan aka matsar da ƙusar sandar da ke hana mota tangaɗi zuwa ramin ciki, jijjigar kan ragu ba tare da an kashe ko sisi ba. Ya shiga ƙarƙashin motocin rabin sansanin ba tare da an gayyace shi ba.

Mai tsoron fashewar taya bai taɓa ganin tayarsa ta fashe ba, amma ya kalli duk hoton bidiyon da aka taɓa ɗauka na hakan. Ya san cewa idan ta gaba ta fashe ba a taka birki, ana ɗan ƙara wuta ne a riƙe sitiyari kam har mota ta nutsu. Shi kam hujjarsa tana da ƙarfi, domin a irin wannan lokaci ne ƙarfen ke taimakawa wajen hana sitiyari ƙwacewa. Matsalar ita ce tayoyinsa sun shekara tara, kuma kuɗin sauya su ne ya kai wa mai sayar da ƙarfe.

Mai dizal, wanda injinsa ke baya kuma motarsa ke tafiya a kan jakunkunan iska, zai saurare ku da murmushi, ya ce shi bai san mota na yawo ba. A bar shi.

Alƙalin gaskiya dai ita ce matar da ke kujerar gefe, wadda ta yi shekaru tana kallon farin layin bakin titi yana matsowa yana komawa. Idan ta daina riƙe ƙofa ta fara gyangyaɗi, gyaran ya yi.

Ni a ganina, a auna mota, a daidaita iskar taya, a gyara saitin gaba, a sauya abin da ya ci. Idan bayan haka tirela na ci gaba da ture ka, sayi ƙarfen, zai rage maka gajiya, amma ka tabbata an ɗaura shi a tsakiya daidai, domin in ya karkace, shi da kansa zai riƙa jan motar gefe.